SHARHI: Ramukan makamai masu linzami na Koriya ta Arewa, da inda zancen ya ratsa Nijar

Duk mai zama a fadar matasa a Bande, ko Magarya, ko Dungass, ya san irin bidiyon da ake nufi. Doguwar hanya ce a cikin dutse, fitilu sun haske ta, manyan motoci jere ɗauke da makamai masu linzami, wani janar na tafe yana nuni da hannu. Yawanci na Iran ne, wani lokaci kuma a haɗa da hoton Kim Jong Un yana dariya a gaban makamin da ya fi tirela tsawo. Ɗan'uwa ne ke turo shi ta WhatsApp daga Tamanrasset ko Tarabulus ko Legas, kuma kafin a sauke shayi na biyu an yanke hukunci: "Ka ga ƙasa! Wa ya isa ya taɓa su?"

Bai kamata a yi wa wannan magana dariya ba. Mutanen da aka rufe musu iyaka a 2023, aka yanke musu wutar lantarki, aka kuma yi musu barazanar turo sojoji, suna da dalilin sha'awar duk ƙasar da ake shakkar taɓawa. Sai dai bidiyon daƙiƙa 40 ba ya faɗin abin da ke cikin ramin, da abin da aka biya kafin a haƙa shi. Ba ya kuma faɗin cewa sunan Nijar ya sha shiga wannan labari, ba tare da an tambayi ’yan ƙasar ba.

Abin da tauraron ɗan'adam ya gani

A watan Agustan 2025 cibiyar nazari ta CSIS da ke Washington ta fitar da rahoto kan wani sansani mai suna Sinpung-dong, a arewa maso yammacin Koriya ta Arewa, kilomita 27 kacal daga iyakar Sin. Masu binciken sun ce an fara gina shi wajen 2004, ya fara aiki bayan kimanin shekara goma, kuma suna kyautata zaton akwai makamai shida zuwa tara masu iya tsallaka nahiya a cikinsa, samfurin Hwasong-15 ko Hwasong-18. Gwamnatin Pyongyang ba ta taɓa ambaton wurin ba. Ba a kuma taɓa sanya shi a teburin wata tattaunawa da Amurka ba.

Wannan ba shi ne na farko ba. Tun a Nuwamban 2018 cibiyar ta ce ta gano 13 daga cikin kimanin 20 na irin waɗannan sansanoni, ta kuma fara da Sakkanmol, wanda ke kusan kilomita 135 daga Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Sino-ri ya biyo baya a Janairun 2019, sai Hoejung-ni a 2022. A kula da wani abu: duk wannan bayani daga hotunan tauraron ɗan'adam na kasuwa ya fito, da abin da waɗanda suka tsere daga ƙasar suka faɗa, da tsofaffin takardun leƙen asiri. Ba wanda ya shiga ciki ya ƙirga. Abin da ake gani daga sama shi ne ƙofofi a gindin dutse, da tulin ƙasa a gabansu, da gidajen sojoji, da gonakin da suke nomawa don ciyar da kansu. Sauran duk kirdado ne na masana, ko da yake kirdado mai tushe.

A kula da wani abu na biyu. Rahoton 2018 ya fito ne wata biyar bayan Donald Trump da Kim sun gaisa a Singafo, kuma jaridun Amurka sun yi ta cewa an yaudare su. Fadar shugaban Koriya ta Kudu ta amsa cewa babu wata yaudara, domin Kim bai taɓa alƙawarin rufe waɗannan wurare ba. Gaskiyarta ce. Ba a karya alƙawarin da ba a ɗauka ba.

Dabarar gafiya

Mutane da yawa na zaton daga cikin ramin ake harbo makamin. A tsarin Koriya ta Arewa ba haka ba ne. Ramin ma'ajiya ce da maɓoya. Makamin yana kan babbar mota mai ƙafafu da yawa, wadda ita ce ke ɗauke da shi, ita ke miƙar da shi tsaye, ita ce kuma dandamalin harbi. In yaƙi ya taso, motocin su fice daga kogon, su watsu zuwa wuraren da aka auna tun tuni, su haɗu da masu kawo kan makamin, su harba, su sauya wuri.

Duk wanda ya taɓa farautar gafiya a gona ya fahimci lissafin. Ba zurfin ramin ne ke ba mafarauci wahala ba, rashin sanin ƙofa nawa gare shi ne. Ka tsare wannan baki, ta ɓulla ta wancan. Abin da Kim ke sayarwa abokan gabarsa ke nan: shakka. Ba ya buƙatar makamai dubu. Cibiyar SIPRI ta Sweden ta ƙiyasta cewa kawunan nukiliyar da ke hannunsa ba su wuce 50 ba, alhali Amurka da Rasha kowace na da sama da 5,000. Abin da yake buƙata shi ne kada wani janar a Washington ya iya rantsewa ga shugabansa cewa zai hallaka su duka a dare ɗaya. In guda biyu suka tsira, kuma ɗaya na iya isa wani birnin Amurka, to lissafin kai hari ya rushe.

Shi ya sa sauyin da aka samu a 2023 ya fi faretin da ake nunawa muhimmanci. Tsofaffin makaman, irin Hwasong-15 da aka gwada a Nuwamban 2017, da man ruwa suke aiki. Sai an fito da su fili, an ɗura musu mai, ga jerin tankoki na biye, kuma a wannan tsakani ana iya hango su a buga. Hwasong-18, wanda aka fara gwadawa a Afrilun 2023, daskararren mai gare shi, wanda ke cikinsa tun daga masana'anta. Ya fito, ya miƙe, ya tashi. Lokacin da mai farauta ke da shi ya ragu ƙwarai. A faretin 10 ga Oktoban 2025 an nuna wani sabo mai suna Hwasong-20, firaministan Sin da tsohon shugaban Rasha Dmitry Medvedev na zaune suna kallo.

Amma mafarauci ma yana da tasa dabarar, kuma manoma sun san ta: ba sai ka tone ramin ba, toshe bakinsa ya isa. An ga haka a yaƙin kwana 12 na Yunin 2025. Iran ta fara nuna wa duniya ramukanta tun Oktoban 2015, lokacin da Janar Amir Ali Hajizadeh ya ce zurfin wasu ya kai mita 500. A daren farko na yaƙin Isra'ila ta kashe Hajizadeh ɗin kansa, sannan jiragenta suka koma kan ƙofofin ramuka da motocin harbi. Duk da haka Iran ta harba makamai sama da 500, wasu kuma sun ratsa garkuwar Isra'ila sun yi ɓarna. Amurka ta jefa bama-bamai 14 masu fasa ƙasa, kowane mai nauyin sama da tan 13, a kan Fordo da Natanz, kuma an daɗe ana gardama kan iya ɓarnar da suka yi. Kowane ɓangare na da abin da zai nuna a bidiyonsa. Abin da ya tabbata shi ne ramin ya hana a gama da Iran a dare ɗaya, amma bai hana a kai mata hari ba. Bambancinta da Koriya ta Arewa ba a zurfin rami yake ba, a abin da ke kan makamin yake.

Akwai haɗari a nan da ba a cika faɗa ba. Koriya ta Kudu ta gina tsarin tsaronta kan bugun makaman Arewa kafin su tashi, har ta nuna Hyunmoo-5 a 2024, makami mai ɗaukar kai mai nauyin kusan tan takwas don fasa maɓoyar shugabanni. Kim ya mayar da martani tun 2022 da dokar da ta ce in aka kai wa shugabancin ƙasar hari, za a harba nukiliya nan take. Wato kowane ɓangare na tsoron jinkiri. A irin wannan yanayi kuskuren na'ura ko na mutum ɗaya ya isa.

Me ya kai su haƙa?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 jiragen Amurka sun zubar da bama-bamai sama da tan 600,000 a yankin, akasari a Arewa, har ya zamana babu wani babban gari da ya rage a tsaye. Masana'antu da makarantu da asibitoci suka koma cikin kogo. Yaƙin bai ƙare da yarjejeniyar zaman lafiya ba, tsagaita wuta kawai aka yi, kuma haka abin yake har yau. A Disambar 1962 Kim Il Sung, kakan Kim na yanzu, ya ayyana manufar mayar da ƙasar baki ɗaya ganuwa. Daga nan haƙa rami ya zama aikin gwamnati: jirgin ƙasan birnin Pyongyang na tafiya a zurfin kimanin mita 100, kuma tsakanin 1974 da 1990 Koriya ta Kudu ta gano hanyoyi huɗu da aka haƙo ta ƙarƙashin iyaka zuwa cikin ƙasarta.

Makaman kuwa daga Afirka irinsu ya fito. Samfurin Scud na Tarayyar Sobiyet da Pyongyang ta samu daga Masar shi ta kwance ta kwaikwaya, sannan ta mayar da shi haja. Iran ta saya, Siriya ta saya, Yaman da Pakistan da Libiya ma haka. Shahab-3 na Iran daga Nodong na Koriya aka samo shi. Har Najeriya an yi wa tallar: a Janairun 2004 wani babban jami'in Pyongyang, Yang Hyong Sop, ya gana da mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar a Abuja, aka kuma taɓo batun fasahar makamai masu linzami. Amurka ta nuna ɓacin rai, Abuja ta ce ba ta saya ba.

Ta hannun Gaddafi

A nan ne zaren ya iso gida. Tsakanin 1978 da 1981 Libiya ta shigo da garin yuraniyom sama da tan 2,000, kuma daga ma'adinan Nijar ya fito. A lokacin Janar Seyni Kountché ne ke mulki, farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, baitulmali na neman kuɗi. An ruwaito shi a 1981 yana cewa ko shaiɗan ne ya zo saye zai sayar masa. Gaddafi ya tara garin, ya sayi injinan tacewa ta hannun ɗan Pakistan A.Q. Khan, ya kuma sayi makaman Scud masu dogon zango daga Koriya ta Arewa. Bai kai ga haɗa bam ba.

A ranar 19 ga Disambar 2003, wata tara bayan mamaye Iraƙi, ya sanar da cewa ya haƙura. Aka kwashe injinan da makaman Scud biyar ƙirar Koriya aka kai Amurka. Aka ɗage masa takunkumi, Tony Blair ya je ya same shi a tantinsa. Shekara bakwai da ’yan watanni bayan haka jiragen Yammacin duniya suka fara luguden wuta a Libiya, kuma a Oktoban 2011 aka kashe shi a Sirte. Tun a makon farko na harin ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Arewa ta fito ta ce abin da aka yi wa Libiya dabara ce ta raba ƙasa da makamanta kafin a afka mata. A 2018, da John Bolton ya ce a bi "tsarin Libiya" wajen kwance ɗamarar Kim, saura ƙiris taron Singafo ya rushe. Na Hanoi, a Fabrairun 2019, ya watse ba a cimma komai ba.

Ko mutum na ƙin mulkin gidan Kim, da wuya ya ce sun karanta darasin Libiya ba daidai ba. Waɗanda suka rusa Libiya su suka ba Pyongyang hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Kuma mu a nan mun biya namu kason. Dubun dubatar ’yan Nijar da ke ci-rani a Libiya, da yawansu daga jihar Damagaram, suka dawo hannu rabbana. Rumbunan makaman Gaddafi suka buɗe. A Yunin 2011 sojojin Nijar suka kama sama da kilo 600 na abubuwan fashewa a yankin Arlit, kuma abin da ya kuɓuce ya isa Mali da tafkin Chadi. Garin yuraniyom ɗin ma yana nan a kudancin Libiya. A Maris ɗin 2023 hukumar kula da nukiliya ta duniya, IAEA, ta sanar da ɓatan ganguna goma masu ɗauke da kimanin tan biyu da rabi, kafin dakarun Khalifa Haftar su ce sun tsince su.

Inda ba a gani, ƙarya ke kwana

Sirri na kare mai shi, amma yana buɗe ƙofar ƙage. A 1998 jami'an leƙen asirin Amurka suka hango ana haƙa wani ƙaton rami a Kumchang-ri, suka ce masana'antar nukiliya ce. Bayan doguwar tattaunawa, da alƙawarin abinci mai yawa, Pyongyang ta bar su suka shiga a Mayun 1999. Suka tarar da kogo babu komai a ciki. Koriya ta ci riba da ramin wofi.

Nijar kuwa asara ta yi da takardar wofi. A 2002 wasu takardu suka ɓulla ta Italiya suna cewa gwamnatin Yamai ta amince ta sayar wa Saddam Hussein tan 500 na yuraniyom. Tun a Fabrairun shekarar CIA ta turo tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya koma ya ce zancen ba shi da makama. Duk da haka George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa a Janairun 2003 ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. A ranar 7 ga Maris shugaban IAEA, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun jabu ne. Jabun ma ba na ƙwararru ba: wata wasiƙa mai kwanan watan shekarar 2000 na ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar kujerar tun 1989. Kwana 13 bayan jawabin ElBaradei aka shiga Iraƙi.

Abin da ya wanke Nijar a wancan karo shi ne littafin lissafi. Ma'adinai biyu ne, an san yawan abin da suke fitarwa, an san masu saye, an san hanyar da ganguna ke bi zuwa tashar Kwatano. Tan 500 ba zai ɓace a irin wannan tsari ba tare da an ji ba. Wilson a kan haka ya dogara.

Shekara 21 bayan haka zargin ya dawo da sabon suna. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine, ɗan Damagaram, ya ziyarci Tehran a Janairun 2024. A Maris tawagar Amurka ƙarƙashin Molly Phee da Janar Michael Langley ta sauka Yamai da ƙorafi kan hulɗa da Rasha da kuma batun sayar wa Iran yuraniyom. Ranar 16 ga watan kakakin gwamnatin soja, Kanar Amadou Abdramane, ya sanar da soke yarjejeniyar soja da Amurka, ya kuma ƙaryata zargin. Daga baya Zeine ya shaida wa jaridar Washington Post cewa ba a sanya hannu kan komai da Iran ba, kuma barazanar takunkumi ce ta ɓata lamarin. Zuwa Agusta sojojin Amurka sun fice daga sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda aka kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa garin da ake haƙowa a Arlit ba bam ba ne, bai ma yi kusa ba. Sinadarin da ake nema a cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tashar lantarki na buƙatar a tace shi zuwa kashi uku zuwa biyar, bam kuwa kusan kashi 90, kuma wannan aiki ne na dubban injina da shekaru. Amma masu takardun 2002 ba su buƙaci gaskiyar kimiyya ba. Sunan Nijar da kalmar yuraniyom sun ishe su.

Yanzu kuma tsohon littafin lissafin ya rufe. An ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, an mayar da Somaïr hannun gwamnati a Yunin 2025, kuma rikicin na gaban kotun sasanta masu zuba jari. A ganina Nijar na da cikakken haƙƙin sayar da arzikinta ga wanda ya fi ba da farashi, kuma shekara 50 na cinikin da aka yi da Faransa ba abin kewa ba ne ga wanda ya san yadda ƙauyukan ƙasar ke kwana cikin duhu. Sai dai haƙƙin sayarwa daban, sayarwa a ɓoye daban. Nijar na cikin yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, wadda Koriya ta Arewa ta fice daga ciki a 2003. A Torodi ma akwai tashar da ke cikin jerin na'urorin duniya masu sauraron girgizar gwajin nukiliya. Faɗin sunan mai saye, da yawan kaya, da farashi, ba rusunawa Turawa ba ne. Shi ne ke toshe bakin mai ƙage, shi ne kuma ke ba ɗan Bande damar sanin ko kuɗin ya shiga baitulmali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wa ya biya kuɗin haƙa?

Yawan al'ummar Koriya ta Arewa ya kusa daidai da na Nijar, wajen miliyan 26. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar a soja yake tafiya, kuma babu wata ƙasa da ta kai haka. A tsakiyar shekarun 1990 yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Mafi ƙarancin ƙiyasi na cewa dubu ɗaruruwa, wasu na cewa sun haura miliyan biyu. Aikin makamai bai tsaya ba, a 1998 ma aka harba roka ta saman Japan. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na jama'ar ba sa samun isasshen abinci. Babban bankin Koriya ta Kudu na lissafin cewa abin da ɗan Kudu ke samu ya ninka na ɗan Arewa kusan sau 30, alhali yare ɗaya suke yi, kakanni ɗaya gare su. Wanda ya ga 2005 a Damagaram da Maraɗi, ya ga mata a layi da yara a goye a ƙofar cibiyoyin tamowa, ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma.

Sannan akwai abin da matashin da ya turo bidiyon ya kamata ya tuna. A Koriya ta Arewa ba zai iya turo shi ba. Babu intanet ga talaka, babu fita ƙasa sai da izini, babu ci-rani. Waɗanda gwamnati ke turawa aiki waje, ita ke karɓe mafi yawan albashinsu. Cikin waɗanda aka tura akwai sojoji sama da 10,000 da suka je yankin Kursk tun ƙarshen 2024 don taya Rasha yaƙi da Yukren, bayan yarjejeniyar tsaron da Putin da Kim suka sanya wa hannu a Yunin shekarar. Tun kafin nan, a Maris, Rasha ta hau kujerar na-ƙi ta kashe kwamitin ƙwararrun da ke bin diddigin takunkumin da aka sanya wa Pyongyang. Ramin da ke ɓoye makami daga idon tauraro, tsarin da ya haƙa shi ne ke ɓoye kasafin kuɗi da gidajen yari daga idon ’yan ƙasa. Ba a sayen ɗaya a bar ɗaya.

Kuma ba rami kaɗai ya tsare gidan Kim ba. Gwajin nukiliyarsu na farko a Oktoban 2006 aka yi shi, shekara 53 bayan tsagaita wuta. A duk tsawon wannan lokaci abin da ya hana a taɓa su shi ne dubban manyan bindigogi da ke saitin Seoul, da kuma Sin da ke bayansu da yarjejeniyar tsaro tun 1961. Ba banza ba ake gina sansanonin manyan makaman dab da iyakar Sin: duk mai son bugunsu sai ya yi tunanin inda ɓaraguzan za su faɗa.

A tambayi kai, me ya hana sojojin ECOWAS shigowa Nijar a Agustan 2023? Ba makami mai linzami ba ne, Nijar ba ta da shi. Sanatocin arewacin Najeriya ne suka ce ba da su ba, majalisar dattawa ta nemi a bi hanyar siyasa. Malamai suka yi tawaga zuwa Yamai. Muhammadu Sanusi na II ya je ya ga Janar Tiani tare da Sarkin Damagaram, a lokacin da aka ƙi karɓar manyan jakadu. Gargaɗin Mali da Burkina Faso da adawar Aljeriya sun taimaka, amma abin da ya fi nauyi shi ne babu yadda za a yi a harbi Magarya ba a ji kuka a Ɓaɓura da Daura ba. Wanda ke kai dabbobi kasuwar Maigatari daga Dungass, wanda ’yarsa ke aure a tsallaken iyaka, shi ne ya tsaya tsakani. Rufe iyakar ya cutar da shi fiye da kowa, kamar yadda takunkumin da aka ɗora wa Koriya tun 2006 bai taɓa hana gidan Kim cin abinci ba.

Ga masu tafiya arewa kuma, akwai rami irin wannan da ya fi na Koriya kusa da gida. Kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, kusa da hanyar da ke zuwa In Salah, akwai dutsen Tan Afella a yankin In Ekker. Bayan gwaje-gwaje huɗu a sararin Reggane, waɗanda na ukunsu ya sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, Faransa ta koma cikin wannan dutse ta yi gwaji 13 tsakanin 1961 da 1966. A ranar 1 ga Mayun 1962 toshiyar ramin ta gaza, ƙura mai guba ta fito ta rufe sojoji da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Wata taswirar sojan Faransa da aka fitar da ita daga sirri bayan shekara 50 ta nuna cewa ƙurar gwajin farko na Reggane ta bazu har ƙasashen kudu da Sahara. Har yau Aljeriya na neman Faransa ta miƙa mata taswirar wuraren da aka binne sharar, ta kuma zo ta share su.